Katin Asibiti Da Katin Zaɓe: Maganar Inshorar Lafiya Daga Bakin Zobe

  Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da 'yan'uwanmu na ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Yau maganar inshorar lafiya za mu yi. Na san da jin sunan wasu har sun fara hamma, suna cewa wannan ai zancen ma'aikatan gwamnati ne. To a ɗan yi haƙuri da ni, domin a cikin zancen akwai zaɓe, akwai rabon muƙamai, akwai korona, kuma akwai akuyar gidanku.

Bari in fara da akuyar. A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, in aka ce mace ta kwana biyu tana naƙuda sai an yi mata aiki, ko yaro ya suma da zazzaɓin cizon sauro sai an ƙara masa jini, kowa ya san abin da ke biyo baya. A kai akuya kasuwa. In ba ta isa ba a buɗe rumbu a sayar da hatsin da aka ajiye don damina. In abin ya yi tsanani a jinginar da gona, ko a ɗauki hoton maras lafiya a watsa a WhatsApp ana neman taimako fisabilillahi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a ranar da ciwo ya zo. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan. Shi ya sa za ka ga gida yana da rufin asirinsa, ciwo ɗaya ya shigo, kafin shekara ta zagayo sun koma neman na tuwo.

Inshorar lafiya dabara ce ta hana faruwar haka. Mutane da yawa su riƙa zuba ɗan abu kaɗan tun suna da lafiya, a tara a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa zai kwasa in layinsa ya zo, a nan kuwa addu'arka ma kar layin ya zo kanka. Kuma abin ba ya tsayuwa sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa a cikin asusun. In tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ne kaɗai suka shiga, asusun zai ƙare kafin wata ya raba.

Akwai waɗanda kalmar inshora take yi musu nauyi ta fuskar addini, kuma ba a raina wannan ba. Shi ya sa jihohin Arewa da dama da suka tashi kafa nasu tsarin suka kira shi taimakekeniya. Kano ta yi dokarta a 2016. Mu a Katsina a 2018 aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake kira KATCHMA, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ma'anar dai ita ce gudummawa kake bayarwa don a taimaki wanda ya faɗi, kai ma in ka faɗi a ɗaga ka. Ni a ganina Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin wanda ya san gayya ya san wannan.

A matakin ƙasa kuwa abin ya girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu. A 1999, ƙarshen mulkin soja, aka yi dokar kafa hukumar NHIS, amma sai a 2005 Obasanjo ya ƙaddamar da ita ta fara aiki. Da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara, kuma kusan a nan aka tsaya shekara da shekaru. Tsarin ya ce katin ma'aikaci zai ɗauki shi kansa, da matar aure ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ku dubi wannan da idon gidajenmu. Mutum yana da mata biyu da 'ya'ya tara, ga tsohuwa a ɗaki, ga 'ya'yan ƙanensa marigayi. Wa zai rubuta, wa zai bari? Ana iya ƙara mutum da ƙarin kuɗi, amma tun daga nan za ka gane ba a gidan Bakatsine aka auna rigar ba. Manomi da mai kamun kifi a Zobe da ɗan acaɓa da mai sayar da awara kuwa, da farko ko lissafinsu ba a yi ba.

Yanzu ga yadda kuɗin ke tafiya, kuma a nan nake so a natsu, don a nan ɓarakar take. A tsarin tarayya, hukuma tana riƙe da asusu. Sai ta ba wasu kamfanonin dillalai da ake kira HMO kuɗi, su kuma su biya asibitoci. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kanka, ko ka je ko ba ka je ba. Wannan kuɗin kai ya yi sama da shekara goma yana naira 750, sai a 'yan shekarun nan aka ɗaga shi, a 2025 ya koma 1,450. Ku tuna fa, a tsakanin nan an cire tallafin fetur a 2023, naira ta faɗi, kuɗin magani ya ninka ya sake ninkawa. To asibitin da ake ba 750 a kan mutum, kuma kuɗin ya makale wata uku wata huɗu a hannun dillali, me kuke zaton zai yi da mai kati? Zai duba shi, ya rubuta masa takarda, ya ce wannan maganin babu shi, je ka kemis. Mai kuɗi a hannu ya shiga ya fito, mai kati yana kan benci. Daga nan sai labari ya bazu a gari cewa katin banza ne. Ɗalibanmu na manyan makarantu ma da yawansu suna biyan kuɗin wannan inshora a cikin kuɗin rajista, akwai tsari na musamman da aka yi musu, amma ka tambayi goma da wuya uku su gaya maka abin da suka biya ɗin ya ba su haƙƙin samu.

Talaka fa, wanda ba shi da albashin da za a yanka? Shi ma akwai doka a kansa, kuma doka ce mai kyau. A 2014 Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. A cikinta aka ce duk shekara a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko. Kusan rabin kuɗin na biya wa marasa ƙarfi inshora ne, wato masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da waɗanda talauci ya yi wa katutu. Kashi 45 na ƙananan asibitoci ne, don magani da gyara da ma'aikata. Ɗan abin da ya rage na agajin gaggawa ne. An sa hannu a 2014, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018, inda aka sa naira biliyan 55 da 'yan kai. Shekara huɗu doka tana kwance a durowa.

Sai kuma a watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, aka ce daga yanzu inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa, kuma za a kafa asusun da zai ɗauki nauyin marasa galihu miliyan 83. Miliyan 83 fa aka ce. Zuwa 2025, alƙaluman da hukumar da kanta take bayarwa na duk masu inshora a ƙasar nan, ma'aikata da talakawa da kowa, wajen miliyan 20 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ko ɗaya cikin goma ba a cika ba, shekara ashirin bayan ƙaddamarwa.

Mu mutanen yankin nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don muna da malami a ƙofar gida. An gama gina madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa tun 1983, zamanin Shagari. Ruwa ya taru fal, ga shi ana gani da ido, an ce za a sha, za a yi noman rani. Amma aikin tace ruwan da tura shi garuruwa sai a 2021 Buhari ya zo ya buɗe shi. Shekara 38. Wanda aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya yi aure ya aurar kafin a zo yanka kirtani, kuma duk tsawon lokacin nan 'yan garuwa ne ke shayar da garuruwan da ke maƙwabtaka da ruwan. Ba ruwa aka rasa ba, bututu aka rasa, da wanda zai tsaya a kan bututun. Haka dokokin lafiyar nan suke. Dam ɗin yana nan a Abuja, an rubuta an sa hannu an yi hoto. Tambayar ita ce wa aka ɗora a kan bututun da zai kawo shi Wurma da Kuki da Makera.

Wannan ya kawo mu maganar muƙamai. Mu matasa mun saba in aka ce an naɗa wane, abin da muke fara tambaya shi ne ɗan ina ne. In namu ne sai a cika Facebook da hotonsa ana taya murna, a yi masa walima, shi ke nan an gama. To bari in tuna muku wani labari na ɗan jiharmu. A 2016 Buhari ya naɗa Farfesa Usman Yusuf, ƙwararren likitan jini ɗan Katsina, shugaban NHIS. Ya shigo da zafinsa, ya fito fili yana zargin kamfanonin dillalan nan da riƙe kuɗin asibitoci. A watan Yulin 2017, lokacin shugaban ƙasa yana jinya a Landan, ministan lafiya Farfesa Isaac Adewole ya dakatar da shi bisa zarge-zargen almundahana, shi kuma ya musanta. A Fabrairun 2018 fadar shugaban ƙasa ta maido shi. A Oktoban wannan shekarar majalisar gudanarwar hukumar ta sake dakatar da shi, ya ce ba ta da hurumi, ya zo ofis da rakiyar 'yan sanda, ma'aikata suka tare ƙofa har aka harba hayaƙi mai sa hawaye. A Yulin 2019 aka sauke shi aka kawo Farfesa Mohammed Nasir Sambo.

Ba alƙalanci na zo yi ba. Akwai masu cewa ɓarayi ya taɓa suka yi masa taron dangi, akwai masu cewa shi ma da nasa laifin, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake riƙe da shi. Abin da ya dame ni daban ne. Shekara biyu cur hukumar da ke riƙe da kuɗin maganin jama'a tana cikin rikicin wa ke da ikon korar wa, minista yana ja, fada tana ja, majalisar gudanarwa tana ja. A wannan tsakanin wa yake tunanin yadda za a shigar da mai kamun kifi a Zobe cikin tsarin? Mu kuma a nan gida me muka yi? Muka rabu biyu a soshiyal midiya, masu kare ɗan gida da masu zagi. Ban ga wanda ya tambaya mutum nawa aka ƙara a rajista a shekarun ba.

Ko kun tuna Disambar 2017, da aka fitar da jerin sunayen shugabanni da mambobin hukumomin gwamnatin tarayya sama da dubu, aka tarar a ciki har da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya? An yi dariya an wuce. Amma abin da ya nuna ba na dariya ba ne. Jerin an haɗa shi ne tun da daɗewa don sakayyar wahalar kamfe, ba wanda ya zauna ya duba wa zai iya wane aiki, har ta kai ba a duba wa ke numfashi ba.

Kuma kada mu ɗauka abin na Abuja ne kaɗai. A nan ƙasa ma muƙami ke yanke hukunci. Kuɗin marasa ƙarfin nan da na ambata, in ya sauko jiha, ba ya isar kowa, don haka gurabe ake rabawa, kowace mazaɓa da adadinta. To wa ke rubuta sunaye? In wanda aka ɗora mai tsoron Allah ne kuma ya san aikinsa, gurbin zai je wa bazawara mai marayu biyar. In kuwa an ɗora shi ne don ya yi wa wani wahala a zaɓe, gurbin zai koma irin rabon taki da buhun shinkafa, wato 'yan jam'iyya da dangin matar shugaba. Haka wanda aka ba riƙon ƙaramin asibiti, haka kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya sa ido a kan kuɗin da ke shiga asusun asibitin. Waɗannan ƙananan kujeru ba a yi musu walima, amma su ne bakin famfon. Sannan ga matsalar da ta fi ƙarfin kowa a yankinmu: ma'aikaciyar jinya ba za ta kwana a ƙauyen da 'yan bindiga ke shiga ba, kuma ba mai laifinta. Kati a hannu, asibiti a kulle, an yi ba a yi ba.

Yanzu mu koma 2020, don korona ce ta yaye wa kowa zane a kasuwa. Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe filayen jirgin sama ga jiragen ƙasashen waje. A nan Katsina, a ƙarshen Maris ɗin, hana sallar Juma'a ya jawo tarzoma a Kusada har aka ƙona ofishin 'yan sanda. Farkon Afrilu aka sanar da cewa wani likita a Daura ya rasu da cutar, aka rufe Daura, ba a jima ba mu ma aka rufe Dutsin-Ma. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka ji. Mai neman na yau da yau aka ce ya zauna a gida, ga azumi ya kawo kai. Jihohi suka shiga kwasar almajirai a motoci kowa yana maida wa ɗan'uwansa. A Kano aka yi ta binne dattawa a watan Afrilu, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye da rabi mai yiwuwa korona ce sanadi.

Mutanenmu da yawa ba su yarda akwai cutar ba, aka yi ta kiranta ciwon masu kuɗi, ciwon 'yan jirgi. An zage su da jahilci. Ni ban ɗauke shi jahilci zalla ba. Mutumin da ɗansa ya mutu da zazzaɓi saboda babu dubu biyar, matarsa ta mutu a kan hanyar asibiti a bayan babur, gwamnati ba ta taɓa rufe ko da rumfar mai shayi saboda su ba, rana ɗaya ka zo masa da mota mai jiniya ka ce ka damu da lafiyarsa har ka rufe masa masallaci da kasuwa, dole ya tambaye ka yaushe aka fara. Yarda ba a sayenta ranar annoba. Da a ce mutumin nan yana da kati, ya saba zuwa asibitin mazaɓarsa ana duba shi ana ba shi magani ba wulaƙanci, da ma'aikacin da ya sani ne zai ce masa Malam cutar nan gaskiya ce, kuma zai ji.

Manyan ma sun sha mamaki. Boss Mustapha, sakataren gwamnatin tarayya kuma shugaban kwamitin yaƙi da cutar, ya faɗa a Afrilun 2020 cewa bai san asibitocin ƙasar nan sun lalace haka ba sai da aka ba shi wannan aiki. An yi masa ca, amma ni na gode masa da ya faɗi gaskiya, domin ya nuna mana waɗanda ke saman ba a nan suke jinya ba. A cikin watan ne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu da cutar a wani asibiti a Legas, Allah ya jiƙansa. A karo na farko a rayuwarmu mai mulki da talaka suka kasance a ƙasa ɗaya ba ƙofar fita. Muka ce to yanzu kam za a gyara. A Satumba aka buɗe filayen jirgi. A Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge. A Disambar 2021 aka lalata allurar rigakafi sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya ƙare. Kason lafiya a kasafin tarayya kuwa ya ci gaba da yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6, alhali a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin kashi 15.

Akwai abin da yake yi mini nauyin faɗa amma sai na faɗa, da girmamawa. Jihar nan ta ba Najeriya shugabannin farar hula biyu. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi watanni yana jinya a Jidda kafin rasuwarsa a Mayun 2010. Baba Buhari ya yi sama da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, kuma a can Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025, aka kawo shi Daura. Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Ba gori nake yi wa mamaci ba, kowa yana da haƙƙin neman lafiya inda zai samu. Amma in har samun ɗan gida a kujera mafi girma sau biyu bai sa an daina sayar da akuya don aikin haihuwa a Kurfi ba, to lissafin "namu ne" yana da gyara.

To ina zaɓe ya shigo? Ku dubi Ghana. A can da tsarinsu shi ne biya kafin a taɓa ka, ko kana zubar da jini. Abin ya ishi mutane har ya zama maganar kamfe a zaɓen 2000. John Kufuor ya yi alƙawarin soke shi, ya ci, a 2003 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ɗora harajin kashi biyu da rabi a kan kayayyaki don ciyar da asusun. Su ma suna da matsalolinsu, asibitoci na kukan jinkirin biya, amma tun daga lokacin duk jam'iyyar da ta fito sai ta faɗi abin da za ta yi da inshorar, don ta san za a tambaye ta. Maƙwabtanmu Nijar, waɗanda Maraɗi ta fi mana Kaduna kusa, tun wajen 2006 zamanin Tandja suka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aikin haihuwa kyauta ne. Abin ya taimaka, sai dai da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci sai magani ya riƙa yankewa. Darasi biyu kenan a kusa da mu: sai an nema ake samu, kuma bayan an samu sai an tsare.

Mu fa me muka nema a 2023? Ku tuna da kyau. An yi zancen Musulmi da Musulmi, an yi zancen canjin kuɗi, an yi zancen karɓa-karɓa, an raba atamfa da taliya da 'yan dubu-dubu ta waya saboda takardar kuɗi ta yi wuya. A zaɓen shugaban ƙasa Atiku ya ɗauki Katsina da ratar ƙuri'a da ba ta kai dubu bakwai ba, bayan mako uku Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna. Wannan ya nuna mutanenmu sun iya bambancewa, ba tumaki ba ne, kuma 'yan siyasa sun san haka. A faɗin ƙasa kuwa ko kashi 30 na masu rajista ba su fito ba. Amma a duk tarukan da na halarta a yankin nan, ban ji an tsayar da ɗan takara an ce masa mutum nawa za ka sa a taimakekeniya a mazaɓata ba. Ba a tambaya ba, don haka ba wanda ya ji dole ya amsa. Abin kunya ne a ce ƙasar da ta haifi Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, ya kuma riƙe sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa a zaɓen 1979 har ya rubuta littattafai kan zaɓe, ita ce za a riƙa saye da taliya.

Gwamnatin jiha ta yi alƙawarin samar da ingantaccen ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 361 da muke da su. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance. Ni ba na cikin masu cewa duk ƙarya ce tun kafin su duba, kuma ba na cikin masu tafi tun kafin su gani. Waɗannan alƙawura ne da ake iya ƙirgawa, kuma wannan ne kyansu. Dutsin-Ma mazaɓu 11 gare ta, Kurfi 10. Ashirin da ɗaya kenan. Ba aikin da ya fi ƙarfin matasa masu babur da waya ba ne.

Ga abin da nake roƙo. Kowa ya je asibitin mazaɓarsa, ba da faɗa ba, ba da kyamara a fuskar ma'aikaci ba, domin su ma a wahale suke. A gaisa da mai riƙon asibitin cikin mutunci, a ce ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe, shin asibitin nan yana cikin masu karɓar kuɗin asusun matakin farko? Mutum nawa aka yi wa rajistar kyauta a nan, kuma ta wace hanya aka zaɓo su? Akwai mai karɓar haihuwa da dare? Maganin zazzaɓi yana nan ko sai an je kemis? Su wa ke cikin kwamitin mazaɓa, yaushe suka zauna na ƙarshe? A rubuta amsar da kwanan wata. Wanda kuma yake da hali, ɗan kasuwa ko mai sana'a, ya je ofishin taimakekeniya ya tambayi nawa ne kuɗin shekara na mutum ɗaya da abin da katin ya ƙunsa, ya sa a rubuta masa, don in an ce babu magani ya san abin da zai riƙe.

Masu neman kujerar majalisar tarayya ta Dutsin-Ma da Kurfi da na majalisar jiha sun fara zagayen gaisuwar ta'aziyya da ɗaurin aure, kun dai gani, 2027 ta ƙarato. Ɗan majalisa yana iya biya wa ɗaruruwan mutane kuɗin taimakekeniya na shekara da abin da yake kashewa a rabon kayan salla ɗaya, kuma shi ke zama a kan kasafin da ake yanke wa lafiya kasonta. In ya zo majalisarku ya ajiye na shayi, ku karɓi gaisuwarsa, sannan ku fito da takardar nan ku karanta masa.

Wanda ya samo amsa daga Birchi ko Tsauri ko Rawayau ko Karofi ko Shema ko Dabawa ya turo mana, ba sai ya sa sunan ma'aikacin da ya yi magana da shi ba. A shiri na gaba in Allah ya kai mu za mu karanto su mazaɓa bayan mazaɓa, mu ga nawa muka samu cikin ashirin da ɗayan.